Mitar da Ta Auna Kwarin Gwaza

Ni ne Uwaisu direba, mutumin Unguwar Turmi a ƙasar Gubuchi, kuma abu biyu aka san ni da su: tsohuwar a-kori-kura da baki. Motar takan tsaya in mai ya ƙare. Bakin bai taɓa neman mai ba, shi ne ma ya ja mini abin da zan ba ku labarinsa.

Tsakanin ƙauyenmu da Hayin Kanya hanya ɗaya ce, ita motocin rake ke bi su fita da kaya zuwa Maƙarfi. Tun zamanin kakanni aka yi yarjejeniya cewa duk ƙarshen damina za a fito gayya, mu gyara rabi, su gyara rabi. Matsalar ita ce ba wanda ya san inda rabin yake. A wajejen tsakiya akwai Kwarin Gwaza, wani taɓo mai haɗiye jaki har kunne. Mu muka ce a rabonsu yake, su suka ce a namu. Shekara uku ke nan kowa na gyara nasa ɓangaren ya tsaya nesa da kwarin yana harararsa.

Ni kuma ina da nawa ciwon daban. Surukina Baffa Jumare dattijon Hayin Kanya ne, mai shanu, mai ƙarancin magana. Shekara tara ina auren 'yarsa Indo, bai taɓa sa ƙafa cikin motata ba. Na ɗauki liman, na ɗauki amare, na ɗauki masu naƙuda, amma in na riske shi a hanya na fito na durƙusa na ce, "Baffa, a shigo in rage hanya," sai ya dubi motar tun daga gaba har baya ya ce, "A'a yaro, sauri nake yi." Wallahi maganar nan tana ci mini rai. Ba ni da buri kamar in ga ranar da zai zauna a gidan gaba, jama'a na kallo.

Ran wata Talata aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa Ahmadu, mu da mutanen Hayin Kanya, don a raba gardamar kafin a fara saran rake. Aka yi ta musu har inuwa ta juya. Wani ya ce a auna da taki, aka ce takin wa, na dogo ko na gajere? Nan fa bakina ya fara ƙaiƙayi, na miƙe na gyara hula.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zamanin auna hanya da ƙafa ai ya wuce. Motata tana da mita, agogon da ke ƙirga tsawon tafiya. In tashi daga nan in je Hayin Kanya, a karanta lamba, a raba biyu, in juyo in tsaya daidai rabi, a kafa turke. Ƙarfe ba ya da ɗan'uwa, ba ya da suruki."

Ɗan'azumi, ƙanin matata, wanda ba ya ganina ya ƙyale, ya ce, "Wace motar? Wadda sai an tara jama'a kamar sallar Idi kafin ta tashi?"

Na ce, "Ita fa, wadda ta kai yayarka ɗaki."

"Ai shi ya sa muka iso bayan an watse."

Aka yi dariya. Sai Baffa Jumare ya ɗaga sandarsa kaɗan, wuri ya yi tsit. Ya ce, "In ƙarfen nan ya nuna mana tsakiyar hanya, ni da kaina zan shiga in gani da idona."

Ban san lokacin da na ce "Asabar!" ba. Mai unguwa ya ce to, Asabar da hantsi. Na tafi gida ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Indo na tankaɗe na shiga na ba ta labari. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, wace mitar? Wadda ka liƙa hoton Murja a kanta?"

Sai a lokacin na tuna. Gaskiya ne, mitar ta mutu tun kafin in sayi motar. Lambobinta sun kafe wuri ɗaya, na gaji da ganinsu na rufe su da hoton 'yarmu. Da nake cika baki a gindin tsamiya, wallahi na manta sarai.

Na ce, "Barci take yi. Tashinta zan yi."

Ta ce, "Allah ya sa ta ji kira. Ni dai kada ka ja Baffa ya tsaya a rana a banza."

Laraba da sassafe na nufi garejin Auwal a Maƙarfi. Ya kwance mitar, ya girgiza ta a kunne, ya leƙa ciki, ya ce akwai wani ɗan faifan roba mai haƙora a ciki, haƙoran sun cinye, sai an aika Kaduna a nemo irinsa, mako ɗaya in an yi sa'a.

Na ce, "Mako ɗaya kan abin da bai kai ƙwayar gujiya ba? Auwal, ina tuƙi kana goye."

Ya ce, "Haka ne Oga. To amma kada ka buɗe ta a gida, cikinta ba ya son hannu."

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Na dawo gida na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda masu wucewa za su ga injiniya na aiki, na ɗauko sukundireba da wuƙar yankan kubewa ta Indo. Murfin na buɗewa, wani ɗan siririn ƙarfe ya yi tsalle ya haye katanga, har yau ban sake ganinsa ba. 'Yan ƙawanyoyin lambobi suka zube suka gangara kowanne ya kama gabansa. Kafin in tattara su, kazar maƙwabcina Salman ta zo ta tsince ɗan faifan nan mai haƙora ta haɗiye, ta tsaya tana kallona da ido ɗaya.

Na bi ta da gudu, ta shige gidansu, na tsaya a zaure ina sallama da haki. Salman ya fito, na ce kazarsa ta haɗiye mini kayan mota.

Ya ce, "To yanzu ita za mu kora zuwa Hayin Kanya ran Asabar? In ta dawo sai a yanka a karanta."

Na ce ba wasa na zo ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, in ina so in zauna in jira abin ya fito ta ɗaya ƙofar, ga tabarma. Matan gidan suna ta ƙyaƙyata dariya daga ciki, na juyo ba ko sallama.

Na harhaɗa abin da ya rage na mayar cikin mota. A garin cusa hannu bayan sitiyari na tsinke wayoyi uku, na ɗaura su yadda launinsu ya yi mini kyau. Na tada mota don gwaji. Mita ba ta motsa ba, amma da na taka birki sai hon ya ɗauka, ɓaaap! Na saki ya yi shiru, na sake takawa ya sake. Tun daga ranar duk inda zan tsaya sai na sanar da gari. Liman ya aiko a tambaya ko lafiya nake yi masa hon a ƙofar masallaci.

Alhamis na wuce Ikara wurin 'yan gwangwan, masu saye da sayar da gawar motoci. Wani mai jan haƙori ya tono mini mita daga ƙarƙashin tulin ƙarafa, ya hure ƙura, ya rantse cewa daga jikin motar wani bature aka cire ta. Na tambaye shi wace irin mota, ya ce mai taya huɗu. Ta fi ramin tawa girma, don haka na ɗora ta a saman allon gaba, na ɗaure da robar tayar keke, na zuro wayar da ke juya ta daga ƙarƙashin mota na cusa mata da ƙarfin tsiya. Na ja mota, sai ga lambobi suna juyawa. Na yi kabbara ni kaɗai a cikin mota.

Juma'a na ɗauki buhunan barkono zuwa Kudan don in gwada ta a doguwar hanya. Mai kayan, wani tsohon malamin makaranta, ya zauna kusa da ni yana kallon mitar. Da muka isa ya ce, "Direba, bisa lissafin agogon nan naka mun wuce Kudan tun ɗazu, muna gab da shiga Kaduna."

Na ce, "Malam, damina ce, hanya ta jiƙa ta miƙe."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni kuwa a hanyar dawowa na yi lissafina: ko da mitar tana ninka tafiya, ai za ta ninka a zuwa ta ninka a dawowa, rabin ƙarya kuwa rabi ne. Na yaba wa kaina ƙwarai da wannan basira, har na sayi rake na sha a hanya.

Asabar da hantsi gindin tsamiya ya cika. Na wanke mota, na shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar gaba saboda Baffa. Aka zaɓi shaidu biyu su zauna tare da ni: Salman daga wajenmu, Ɗan'azumi daga wajensu. Aka ɗora turke da guduma a baya. Baffa Jumare ya zo tun da wuri, na je na durƙusa na gaishe shi, na ce ga wuri an gyara.

Ya ce, "Ka fara nuna tsakiyar tukuna. Ku yi gaba, ina tafe."

Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kama hanya da ƙafa. Na ce a raina, yau dai za ka ga aiki da cikawa.

Mai unguwa ya ce a karanta lambar farawa. Salman ya karanta, Ɗan'azumi ya rubuta a bayan kwalin ashana. Aka tura mu, mota ta yi tari ta tashi, na taka birki don in ɗaga wa jama'a hannu, hon ya yi kuka, aka yi tafi ana zaton da gangan ne. Muka wuce Baffa a hanya na rage gudu don ya ga lambobi na juyawa, bai ko waiwayo ba.

Da muka doso Kwarin Gwaza, Ɗan'azumi ya ce, "Yaya, bi ta gefen gonar can, nan masu hankali ke bi."

Na ce, "Hanya aka ce a auna, ba gona ba. In na kauce lissafi ya ɓaci. Kwarin nan ni da shi mun san juna."

Na ƙara wuta na faɗa. Muka yi kamar tsawon mota uku, sai na ji gindinta ya zauna, luƙus. Na taka totur, tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya suna feshin taɓo sama. Na sake takawa, na canja giya, na sake takawa. Mota ba ta matsa ko taki ɗaya ba.

Salman ya taɓa ni. "Uwaisu, dubi abin nan."

Na duba. Lambobin suna ta gudu abinsu. Ashe ita mita ba ruwanta da ko ana tafiya ko ba a yi, juyawar taya kawai take ƙirgawa. Taya na juyi a cikin laka, ita kuwa tana can tana cin hanya.

Ɗan'azumi ya leƙa ta taga ya dubi bishiyar giginyar da ke gefenmu, ya dubi mita, ya sake duban giginya. Ya ce, "Ikon Allah! Salman, mun yi kilomita biyu, giginyar nan tana biye da mu."

Na ce, "Ku yi shiru, na san maganin abin."

Na lura tun a Ikara cewa in na yi baya, mitar nan tana warware lissafi. Don haka dabara ta zo mini: in sa ribas in juya tayoyin baya-baya har in mayar da kilomitocin ƙaryar da ta ci, sai a ci gaba daga inda gaskiya ta tsaya. Na bayyana musu, Salman ya ce to a wace lamba muka shigo kwarin? Na dubi Ɗan'azumi, ya dubi kwalin ashana, ya ce shi lambar farawa aka ce ya rubuta. Na ce ba komai, zan gane ta in na gan ta.

Na sa ribas na taka. Lambobi suka fara komawa, mota kuma ta fara nitsewa. Kowace kilomita na mayar, sai mu ƙara yin ƙasa da ɗan yatsa huɗu. Ruwan taɓo ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa sabuwar darduma. Na tsorata na danna birki da ƙafa biyu, hon ya ɗauka, wannan karon kuma ya ƙi saki. Na ɗaga ƙafa, yana yi. Na kashe mota, yana yi. Kukan ya ratsa gonakin rake har ƙauyukan biyu.

Kafin a jima bakin kwarin ya cika. Mutanenmu ta baya, mutanen Hayin Kanya ta gaba, har da mata masu dawowa daga tallar nono sun sauke ƙwarya suna kallo. Salman ya fita ta taga ya cire kan batir, sannan duniya ta yi shiru. A cikin shirun nan na ji muryar mai unguwa.

"Uwaisu, nawa ta nuna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana kan lissafi."

Ɗan'azumi ya hau kan bodi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a, albishirinku! Mun je Zariya mun dawo, yanzu muna hanyar komawa da baya, duk ba mu bar gindin giginyar nan ba!"

Dariyar da aka yi, har wani tsoho sai da aka riƙe shi. Wata mai nono ta ce a tambayi direba ko ya sayo musu tsaraba. Na so in yi bayanin yadda taya da mita suke aiki, na buɗe ƙofa na sauko don in yi jawabi, na nutse har gwiwa, takalmina ɗaya ya zauna a can. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na san haka a jikina.

Ina tsaye a haka sai ga Baffa Jumare ya iso, sanda a kafaɗa, ko gumi bai yi ba. Al'ada ta ce in durƙusa in gaishe shi, na kuwa durƙusa, taɓo ya kawo mini ƙugu. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Sannu da sauri, yaro."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ko da yake ma rabina ya riga ya shiga.

Aka ce a fitar da mota tunda ta toshe hanya. Aka tura ta gaba ta ƙi, aka tura ta baya ta ƙi. Wani ya ce sai an sa mata duwatsu a ƙarƙashi. Mutanenmu suka bazama suka kwaso duwatsu da marmara suna zubawa ta baya. Mutanen Hayin Kanya suka ce ba za a fi su ba, suka ɗauko kwanduna da faretani suna cikawa ta gaba. Wanda ya rantse shekara uku cewa ba zai zuba ko tafin ƙasa a kwarin nan ba, sai ga shi da kwando a ka yana zagina yana zubawa. Kafin azahar an cike fiye da rabin kwarin, duk don a raba hanya da ni.

Na mayar da kan batir, na cire wayar hon gaba ɗaya, na murza makulli. Mota ta yi ƙyar-ƙyar ta yi shiru. Ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Aka tura, aka tura, ko tari ba ta yi ba.

Baffa Jumare ya yi wa Ɗan'azumi magana a hankali da Fulatanci, ya tafi, jim kaɗan ya dawo da bijimai biyu na huɗa da karkiyarsu da igiya. Aka ɗaura a gaban mota. Kafin a ja, mai unguwa ya ce to maganar tsakiya fa? Baffa ya sa aka sauko da turken nan daga bayan mota, ya nuna daidai ƙofar direba da sandarsa.

Ya ce, "A kafa nan. Daga hancin motar zuwa gaba mu muka cike, namu ne. Daga nan zuwa baya ku kuka cike, naku ne. Ko akwai mai magana?"

Kowa ya gaji, aka amince. Aka buga turke a gefen ƙafata mara takalmi.

Na shiga na kama sitiyari, kaina a sunkuye, ina jiran a ja ni a wuce da ni cikin Hayin Kanya kowa ya gani. Sai na ji an buɗe ɗaya ƙofar. Baffa Jumare ne. Ya kakkaɓe rigarsa, ya jingine sanda, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar dardumar nan, ya gyara zama sosai. Shekara tara ina jiran wannan rana. Na ce, "Baffa, ashe dai za a shiga?"

Ya ce, "Yanzu kam zan shiga. Na san masu jan."

Ɗan'azumi ya yi wa bijimai tsawa, igiya ta miƙe, mota ta fito daga taɓo ta kama hanya a hankali, jama'a na biye da mu ana guɗa. Baffa ya sa ido a kan mitar da na ɗaure da robar keke. Na saci kallo ni ma. Ashe wayarta ta tsinke a garin ribas ɗin da na yi, lambobin sun kafe, ko ɗaya ba ya motsi. Muka wuce giginya, muka wuce gonar rake guda, muka wuce ta biyu, yana kallonta.

Can ya ce, "Yaro, ɗazu muna tsaye tana tafiya, yanzu muna tafiya tana tsaye. A wajen wa ta koyi aiki?"

Na ce, "A wajena, Baffa."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na ga alama."

Da na koma gida da yamma, da takalmi ɗaya a hannu, na tarar da Indo a tsakar gida. Ta shiga ɗaki ta fito da hoton Murja, ta miƙo mini tare da ɗan ƙullin ƙaro na liƙawa.